Ina sama wa mutane aiki, amma ni barci ya gagare ni

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Kano ce, shekarata 27. Bayan bautar ƙasa na yi shekara biyu a gida, sai Allah Ya sa na samu aiki a wani kamfani da ke samo wa masana'antu da bankuna da otal-otal ma'aikata, irin su masu gadi da masu shara da direbobi da leburori. Yau wata takwas ke nan. Aikina in tallata gurbi, in tace takardu, in kira mutane intabiyu, in tura wanda ya dace. Albashina kaɗan ne, sauran la'ada ce idan na cika adadin da aka yanka mini a wata. Yanzu oga ya ce duk mai neman aiki sai ya biya naira 5,000 kuɗin fom, ko da gurbi ko babu. Ga wasu mutum 12 da na tura gadi wata masana'anta a Sharaɗa, wata biyu ba su ga albashi ba, ni suke kira har tsakar dare, ɗaya ma ya yi mini Allah Ya isa. Kawuna ya daina amsa gaisuwata don ban saka ɗansa ba. Sannan oga yana maganar fara tura mata aikatau Saudiyya, wai ni zai ɗora a kai tunda ni mace ce. Babanmu ya yi ritaya, da ɗan abin da nake samu ake cefane. In ajiye aikin ne, Anti?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya yi miki albarka da kike ɗauke wa Baba nauyi.

Bari mu fara kiran sana'ar nan da sunanta. Duk da kwamfutar da ke gabanki da katin da kike rataye a wuya, dillanci kike yi. Kada ki ji nauyin kalmar. Dillali a Kantin Kwari ko a karar Wudil yana haɗa mai kaya da mai saye, ya ci la'adarsa, kuma malamanmu ba su ga laifin ladan dillanci ba muddin babu yaudara a ciki. Inda naki ya bambanta shi ne saniya ba ta kiran dillali ƙarfe ɗayan dare ta ce ba a ba ta dusa ba. Naki kayan mutane ne. Suna da lambar wayarki, suna da mata da 'ya'ya da kuɗin haya, kuma fuskarki ce kaɗai suka sani a duk kamfanin.

Akwai wahalar da ta sana'ar ce kanta, ko wane kamfani kika koma za ki tarar da ita tana jiranki. Gurbi biyar, takardu sun cika kwali. Mafi yawan yininki a cewa a'a yake ƙarewa, ko a yin shiru ga mutanen da ke jiran kira. Ki sha wahala ki samo direban da ya dace, ya ce in sha Allahu Litinin da sassafe yana can, Litinin ta zo wayarsa a kashe. Ki tara mutum ashirin, masu masana'anta su bugo su ce sun fasa, kasuwa ta yi sanyi, la'adarki ta bi ruwa. Ranar 25 ga wata ki duba allo ki ga saura mutum bakwai ki cika adadi, zuciyarki ta fara raya miki ki tura ko waye. Wannan duk gishirin aikin ne. Wanda ya daɗe a ciki yana koyon kada ya ɗauki kowace a'a zuwa kan matashinsa, kuma a ciki akwai daɗin da ba kowace sana'a ke da shi ba: ranar da wani zai tare ki a titi da kayan aiki a jikinsa ya ce ke ce sanadi.

Amma uku daga cikin abubuwan da kika lissafo ba gishirin aikin ba ne, halin ogan naki ne. A nan nake so mu daɗe.

Kuɗin fom. Tambayar da za ki riƙa yi wa kanki a sana'ar nan guda ɗaya ce, wa yake biyan la'adar? A tsari na gaskiya, masana'antar da ke neman ma'aikaci ita ke biyan kamfaninku, domin ita kuka ɗauke wa wahalar nema da tacewa. Mai neman aiki ba ya biyan ko sisi. Wannan ba son raina ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da yarjejeniya mai lamba 181 ta shekarar 1997 a kan kamfanoni irin naku, kuma sashe na 7 ya hana karɓar kuɗi daga hannun ma'aikata, kai tsaye ko ta bayan fage, in ba inda hukuma da kanta ta yi togaciya ba. Najeriya ta rattaba amincewarta da wannan yarjejeniya a shekarar 2023.

Ko ba a kawo maganar doka ba, yi lissafi da kanki. A ce mutum 300 suka sayi fom a wata, naira miliyan ɗaya da rabi ke nan ta shiga aljihu ba tare da an sama wa ko mutum ɗaya aiki ba. Daga ranar da oga ya ɗanɗani wannan, me zai tashe shi ya je yana zarya ofisoshin manajoji neman kwangila? Kamfanin ya tashi daga mai cin abinci da samar da aiki, ya koma mai cin abinci da rashin aikin mutane. Kuma kin fi ni sanin waye ke biyan wannan dubu biyar ɗin. Yaron da uwarsa ta ɗauko daga kuɗin adashi ne, ko wanda ya taka da ƙafa daga Kurna don ya rage kuɗin mota. Cewar da ya yi "ko da gurbi ko babu" ita ce ta fasa ƙwan. Sayar da fatan samun aiki ne ga wanda ba shi da komai sai wannan fatan.

To yaya za ki ƙi ba tare da kin rasa abincinki a yau ba? Ba da ɗaga murya ba, kuma ba a gaban sauran ma'aikata ba, don babba ba ya son a kunyata shi a gaban yaransa ko da ya san shi ne da laifi. Ki same shi shi kaɗai, ki ce: "Ranka ya daɗe, ina jin tsoron kada maganar fom ɗin nan ta taɓa mana lasisi, ko ta kai kunnen bankunan da muke wa aiki. In za a yi, a rubuta shi a takardar kamfani, a riƙa biya a asusun kamfani, a ba da rasit." Sau da yawa daga nan maganar ke mutuwa, domin abin da ake so a karɓa a ɓoye ba a son ganinsa a rubuce. In ya dage, to ke dai kada kuɗin nan ya taɓa tafin hannunki, kada kuma ya shiga asusunki na banki ko da da sunan za ki tura masa daga baya. Ranar da abin ya fashe, sunan da ke kan alat shi za a nema.

Tunda na ambaci lasisi, kin taɓa ganin naku da idonki? Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daban, lasisin ɗaukar ma'aikata daban. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta hana mutum sana'ar ɗaukar wa wasu ma'aikata sai da izini, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke bayar da shi. Masu wannan sana'a suna da ƙungiyarsu, HuCaPAN, mai ƙa'idojin da mambobinta ke bi. Sannan kamfanin da ke samar da masu gadi yana da wani lasisin na daban da ke ƙarƙashin kulawar hukumar Sibil Difens. Ki duba bangon ofishin oga. Kamfanin da ke da waɗannan takardu ba ya ɓoye su, a firam yake saka su inda baƙo zai gani. In babu su a bango, ki tambayi akawu cikin hira.

Sai masu gadin nan goma sha biyu. Abu na farko da nake so ki gano shi ne su ma'aikatan wa ne a takarda. A irin tsarinku, galibi masana'anta kamfaninku take biya a dunƙule, ku cire naku, ku biya ma'aikata. In haka ne, kamfaninku ne ubangidansu, kuma albashinsu a wuyansa yake ko masana'anta ta biya ko ba ta biya ba. Doka ta ce a ba ma'aikaci rubutacciyar takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa, ta kuma ce kada tazarar biyan lada ta wuce wata ɗaya. An ba su takardar? In ba a ba su ba, kin ga ta inda ɓarakar ta fara.

Ki je wurin akawu ki yi tambaya ɗaya: masana'antar ta biya kuɗin watannin nan biyu? In ba ta biya ba, to bashi ne ake bi, kuma kina da bakin cewa a biya mutanen ko da rabi ne daga aljihun kamfani kafin kuɗi su fito, a kuma ba masana'antar wa'adi. In kuwa ta biya kuɗin suka maƙale a ofishinku, to kin san da wa kike aiki. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya iya riƙe haƙƙin mai gadi wata biyu yana barci, la'adarki ba za ta yi masa nauyi ba. Kin san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Na waɗannan ya bushe, ya sake tsatsowa, ya sake bushewa.

Yayin da kike wurin akawun, ki ƙyalla ido ga wasu abubuwa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, ko da yake dokar ta ɗauke wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma kamfanin da ke tura mutane masana'antu da bankuna da wuya a ce bai kai wannan adadi ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga ma'aikaci, ubangida ya ɗora kashi 10, a zuba a asusun fansho na ma'aikacin. Akwai kuma kashi 1 na jimillar albashi da ake biyan hukumar NSITF saboda wanda ya ji rauni a bakin aiki. Abin da kan faru a wasu irin wuraren nan shi ne a cire kashi takwas ɗin a takardar albashi, amma ya ƙi isa inda aka ce ya tafi. Naki ma ki duba.

Su kuma mutanen, ki daina ce musu "gobe". Na san kina faɗa ne don ki kwantar musu da hankali. Ni ma na taɓa yi, shekarun baya ina ofishin kula da ma'aikata a wani wuri da ba sai na faɗi sunansa ba. Wani dattijo masinja ya tambaye ni yaushe kuɗinsu za su fito, na ce masa Juma'a, don kawai ya tafi da farin ciki. Ashe da maganata ya je ya ci bashin buhun masara a wurin mai awo, ya yi alkawarin Asabar. Kuɗi ba su fito ba sai bayan sati biyar. Bai zage ni ba, bai ma ɗaga kai ya dube ni ba, cewa kawai ya yi, "Hajiya, da kin ce ba ki sani ba." Har yau in na tuna sai na ji wani iri. Ki tara su, ko ki kira babbansu, ki faɗa musu abin da kika sani da abin da ba a hannunki yake ba. Ki gaya musu su rubuta koke su sa hannu su kawo ofis, su riƙe kwafi. In abin ya ƙi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kano, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke da reshe a nan. Nuna wa mutum ƙofar haƙƙinsa ba cin amanar kamfani ba ne.

Wanda ya yi miki Allah Ya isa kuma, kada ki riƙe shi. Yunwa ce ta yi magana, kuma ke ya samu a waya. Amma ki sayi layi na biyu na aiki, ki sanar da kowa cewa bayan sallar isha'i a kashe yake. Ɗaga waya ƙarfe ɗayan dare bai taɓa sa albashi ya shigo da asuba ba.

Maganar Kawu ba za ta ɗauke mu lokaci ba. A wurin dangi, duk wanda ke ofishin ɗaukar aiki shi ke rabon aiki, kuma ba za ki iya goge wannan daga kansu da saƙon WhatsApp ba. Zumunta a ƙafa take. Ki ɗauki Umma ku je, ki durƙusa ki gaishe shi ko bai amsa ba, ki ce, "Kawu, ni tacewa nake yi, masu masana'anta ke zaɓa." Sannan ki yi wa ɗan nasa abin da ke hannunki da gaske. Ki zaunar da shi ki gyara masa takardunsa, ki koya masa yadda ake amsa tambaya a intabiyu, ki sanar da shi duk ranar da gurbin da ya dace da shi ya fito. Ya shiga ta ƙofar da kowa ke shiga. In kika cusa shi inda bai iya ba, wata ɗaya za a koro shi, ki rasa amincin masu masana'anta, Kawun kuma ya ce ke kika sa aka kore shi.

Na bar Saudiyya a ƙarshe don ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ki tambayi kanki me ya sa oga ya zaɓe ki. Ba don ƙwarewar wata takwas ba ne. Don ya san idan mace mai hijabi, 'yar gari, ta zauna gaban uwa ta ce mata 'yarki za ta je ƙasa mai tsarki ta yi aiki a gidan mutunci, uwar za ta yarda. Fuskarki yake so ya jinginar.

Ba na cewa duk mai zuwa aikatau can ta shiga uku. Akwai waɗanda suka je suka gina wa iyayensu gida. Amma kin san labaran takari kamar yadda na sani. Tsarin kafala ya ɗaure zaman ma'aikaciya a wuyan wanda ya ɗauko ta, kuma sassaucin da Saudiyya ta yi wa tsarin a watan Maris na 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Yarinya tana cikin gidan da ba ta jin yarensu, fasfo a hannun uwar gida, in ta fita ba izini a ce ta gudu. In masu gadin Sharaɗa, da kuɗin A Daidaita Sahu ɗaya zai kawo su ƙofar ofishinku, sun kasa samun haƙƙinsu a hannun ogan nan, wace ce za ta samo nata daga Jidda?

Tura ma'aikata ƙasar waje yana da izininsa na musamman daga Ma'aikatar Ƙwadago, ba lasisin cikin gida ake yi da shi ba. Can kuma ɗaukar masu aikin gida ta hanyar hukuma yana bi ne ta manhajarsu ta Musaned, da kwantiragi a rubuce da bizar aiki. Duk wanda ya ce a tafi da bizar Umara ko ta ziyara, in an isa za a gyara takardu, to ya gaya miki ko shi waye. Haka wanda ya ce yarinya za ta yi wata shida ko shekara tana biyan bashin jirgi kafin ta fara ganin albashinta. Irin wannan safarar mutane ce, yaƙi da ita kuwa aikin hukumar NAPTIP ne tun da aka kafa ta a 2003, kuma idan ta tashi kame ba ta tsayawa kan mai kamfani, har wanda ya nemo yaran ya cike musu takardu take haɗawa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In oga bai ajiye miki izinin ƙasar waje da kwantiragin da za ki karanta da idonki a kan tebur ba, amsarki a'a ce, ko da a ranar zai ce ki ajiye masa katinsa.

To, in ajiye aikin ne? Ba yau ba. Kada ki saki reshe ki kama ganye, ga gida yana kallonki. Amma ki fara shirin tafiya tun yanzu, a hankali, ba tare da kin gaya wa abokan aiki ba. Kina raina abin da kika koya ne. Wata takwas kina tace takardu, kina zama da mutane ido da ido, kina jure wa manajoji masu sauya magana. Ofisoshin kula da ma'aikata na masana'antu da bankunan da kuke wa aiki irin wannan suke nema, kuma sun riga sun san muryarki a waya. Ki samu littafi ki riƙa rubuta mutum nawa kika tura, a wane irin aiki, nawa ne suka wuce wata uku ba a dawo da su ba, don wannan shi za ki nuna ranar da ke ma kika zauna a kujerar intabiyu. In da hali ki yi rajista da cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, CIPM, ki fara jarrabawarsu da kaɗan-kaɗan. Kuma ai ke ce mai fara ganin gurbi kafin kowa a garin nan ya gani, ban ga dalilin da zai sa ki riƙa tura takardun kowa ki bar naki a jaka ba.

Ki ba wa kanki wata uku. In a ciki oga ya janye kuɗin fom, aka biya masu gadi, lasisi ya bayyana, to ki zauna ki ƙara koyo, wurin ya gyaru. In ya tilasta miki karɓar kuɗin da hannunki, ko ya ce lallai sai kin nemo 'yan matan Saudiyya, to kada ki jira watannin su cika. Ki gaya wa Baba gaskiyar abin da ake ciki tun yanzu don kada ranar ta zo masa ba shiri. Tsohon ma'aikaci ne, ina kyautata zaton zai gane fiye da yadda kike tsoro.

Ranar Litinin, kafin ki buɗe ko takarda ɗaya, ki wuce teburin akawu ki yi tambayar nan. Ki sake rubuto mini da amsar da ya ba ki.